DOGARA GA ALLAH BA CINIKI BA NE

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mun ga ya kamata mu fito da ita fili, tun da an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani irin wa'azi ya shigo cikin ikkilisiyoyinmu. Da can a kaset da faifai yake zuwa, yanzu kuwa ya sami hanya mai sauƙi, yana cikin wayar kowane yaro da kowace uwa. Taƙaicensa shi ne, in ka ba da gaskiya sosai, ka yi azumi, ka shuka iri mai kauri a hannun bawan Allah, to ciwo da talauci da mutuwar ƙuruciya sun yi ban kwana da gidanka. In kuwa wani abu ya same ka, sai ka binciki kanka, akwai inda ka gaza. Har ta kai in ka ce wa ɗan'uwa sannu da jiki, sai ya amsa maka da cewa ciwo ba rabonsa ba ne, alhali zazzaɓi na kaɗa shi a gabanka.

Kowa a cikinmu ya san yadda ake ciniki a kasuwa. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya sake cewa albarka, har ku kai inda zai ce ya sallama, ka biya ka ɗauki kayanka, in ka yi sa'a a ba ka gyara. Dillali kuma yana gefe yana jiran la'adarsa. Haka wannan wa'azi ya mai da sha'aninmu da Allah. Addu'a ta zama tayi, azumi da baiko sun zama ƙarin kuɗi, Ubangiji ya zama mai kaya da ake matsa wa har ya sallama, mai wa'azin kuma kun san ko shi wane ne a cikin wannan misali. Mu kuwa ra'ayinmu, wanda muke so mu kafa shi a kan Maganar Allah da kuma tarihin iyayenmu, shi ne cewa wanda ya dogara ga Allah bisa sharaɗin kada wahala ta taɓa shi, bai riga ya san Mai Ceton da yake bi ba.

Mu nan ba mu da yawa. Wasunmu aikin gwamnati ya kawo su, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda. Wasu kasuwanci ya kawo su, wasu 'yan ƙasar Zuru da Yawuri ne da suka zo neman abinci, wasu ɗalibai ne a jami'ar tarayya da ke Kalgo ko ta jiha da ke Aliero. Akwai kuma haifaffun nan, waɗanda suka fi kowa sanin tsadar sunan da muke amsawa, domin wasunsu sun rasa gādo da zumuncin dangi saboda shi. Ƙasar Gwandu kuwa ƙasa ce mai tarihin malanta, a nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, a nan kabarinsa yake. Saboda haka tsakanin mutanen da suka san addininsu muke zaune, kuma suna lura da mu, suna sauraron abin da ke fitowa daga lasifikar majami'unmu.

Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, ba sa ambaton sunansa sai sun haɗa da addu'a. Amma ba su yarda cewa ya mutu a kan gicciye ba, hujjarsu kuma tana cikin Suratun Nisa'i aya ta 157. In ka zauna hira da wasunsu, za ka ji suna tambaya, ta yaya Allah zai bar manzo mai daraja haka a hannun maƙiya, su tofa masa yawu, su rataye shi a bainar jama'a? Wannan imaninsu ne, a fili suke faɗinsa, ba su yaudare mu ba, mu ma muna faɗin namu cikin ladabi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne na cikin gida. Mai wa'azin "ba rabona ba" yana riƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu, yana sanye da gicciye a wuya, amma lissafinsa shi ne wanda Allah yake ƙauna ba ya wulaƙanta. In an bi wannan lissafi zuwa ƙarshensa, Golgota ba ta da wurin zama a cikin bishara. Mu faɗi gaskiya ma, Musulmi na gari ya san jarrabawa tana samun mumini, yana kuma karɓarta da haƙuri. A wannan fanni ya fi irin wannan mai wa'azi kusa da Ayuba.

Tunanin ba sabo ba ne. A Matiyu 16, da Yesu ya fara gaya wa almajiransa cewa zai sha wuya a Urushalima a kuma kashe shi, Bitrus ne ya ja shi gefe yana tsawata masa, yana nuna cewa irin wannan ba zai taɓa samunsa ba. Don ƙauna Bitrus ya yi, amma kun san sunan da Ubangiji ya kira shi da shi a ranar. Ɗaruruwan shekaru kafin nan, annabi Ishaya a sura ta 53 ya riga ya kwatanta Bawan Ubangiji, mutum marar kwarjini wanda jama'a suka raina suka kau da kai daga gare shi. Abin lura a cikin surar shi ne hukuncin da 'yan kallo suka yanke. Sun dube shi suka ce lalle Allah ne ya buge shi saboda wani laifi nasa. Ashe kayan da ya danne shi nasu ne. Wato masu kallon Almasihu a ranar wahalarsa sun yi masa daidai irin lissafin da ake yi wa gwauruwa da marar lafiya a cikin wasu majami'unmu yau.

Mu tsaya kaɗan a Getsamani. Ba wanda ya taɓa yin addu'a da bangaskiya irin ta Ɗan Allah, ba wanda ya kai shi tsarki, ba kuwa wani ɓoyayyen zunubi da za a ce shi ya tare amsa. Sau uku ya roƙi Uba ya ɗauke masa abin da ke gabansa, sau uku kuma ya miƙa kansa ga nufin Uban. Ba a ɗauke ba. Kashegari a kan gicciye ya ɗaga murya da kalmomin farkon Zabura 22, yana tambayar Allah dalilin da ya sa ya yashe shi. Shugabannin addini suna ƙasa suna yi masa ba'a cewa tun da ya dogara ga Allah, to Allah ya zo ya cece shi mu gani (Matiyu 27:43). Ku duba da kyau, ba'ar tasu ita ce wa'azin da muke magana a kai, an juya shi kawai. Duk da haka, numfashinsa na ƙarshe a hannun wannan Uban da ya yi shiru ya danƙa shi. A wurinmu ma'anar dogara ke nan, kuma daga can muka koye ta.

Wani malamin Ikkilisiya mai suna Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci wajen shekara ta 400, da ya iso aya ta 4 ta Ishaya 53, sai ya sa kalmar kuturu, wato an ɗauki Bawan Ubangiji kamar kuturu. Mu mutanen ƙasar Sakkwato da Kabi ya kamata wannan ya taɓa mu fiye da kowa. A zamanin Turawa, gwamnati ba ta barin 'yan mishan su yi wa'azi yadda suke so a ƙasashen sarakunan Musulunci. Ƙofar da aka buɗe musu a ƙarshen shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare. Mishan ta SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi aikin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A lokacin, allurar wani mai ake yi musu, mai zafin gaske, amfaninta kuma kaɗan ne. Maganin da ya fara aiki sosai sai wajen 1950 ya bazu. Da yawa daga cikin masu bi na farko a waɗannan ƙasashe daga irin waɗannan wurare suka fito, mutanen da danginsu suka ware musu ƙwarya da tabarma. Sun ji labarin wani wanda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, wanda shi ma aka fitar da shi bayan gari aka kashe, suka ce wannan namu ne. Wasu sun warke. Wasu kuwa da dungu suka riƙe littafin waƙoƙi har suka koma ga Ubangiji, yatsun ba su dawo ba. Waɗannan su ne kakanninmu cikin bangaskiya. Wane ne a cikinmu zai iya tsayawa a gabansu ya ce da sun ba da gaskiya sosai da yatsunsu sun tsiro?

Haka labarin yake in muka leƙa ƙasar Zazzau, inda 'yan'uwanmu Hausawa na Anglika suka samo asali. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya yi shekaru masu bi ba su taka kara sun karya ba. A 1913 sai ga waɗansu daga zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, sun zo neman ƙarin haske. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da majami'a, kowa ya ce ga amsar addu'a ta zo. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga garin ya kwashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse. Waɗanda suka ragu suka koma Zariya, daga baya suka zauna a Wusasa. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Amma kada mu yi saurin cewa ga ladan ciniki nan ya fito. Waɗanda aka binne a Gimi ba su ga Wusasa ba, ba su ga jami'a ba. Abin da suka riƙe suka mutu da shi, shi kaɗai suke da shi.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba ko kaɗan. Ku buɗe Ayyukan Manzanni 12. A farkon surar sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. A tsakiyarta mala'ika ya buɗe wa Bitrus ƙofar kurkuku. Ikkilisiya ɗaya ce, manzanni biyu ne na kusa da Yesu, ba a kuwa ce mana Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba. Muna son wa'azi a kan ƙofar da ta buɗe, amma yaushe rabon da mu ji wa'azi a kan ayoyi biyu na farko? Ibraniyawa 11 ma haka take. A aya ta 34 an ambaci waɗanda suka kuɓuta daga takobi ta wurin bangaskiya, a aya ta 37 an ambaci waɗanda takobi ya ci, kuma duka a jeri ɗaya aka yaba musu. Samarin nan uku na Daniyel 3, Shadrak da Meshak da Abednego, sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon fitar da su daga tanderu, suka kuma ƙara da cewa ko bai fitar da su ba, gunkin dai ba za su yi masa sujada ba. Tun kafin su san yadda za ta kaya suka faɗi haka. Mai ciniki ba ya irin wannan magana, domin shi sai ya ga kaya yake sakin kuɗi.

A zamaninmu ma Allah bai bar mu babu shaida ba. A farkon Janairu 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar CAN na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da bidiyonsa, da yawanmu mun gani a waya. Ya roƙi hukuma da shugabannin Ikkilisiya su yi ƙoƙarin ganin an sake shi, don shi ma mutum ne, yana son ya koma wurin matarsa da 'ya'yansa. Amma ya nuna cewa bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, in an ba shi dama ya koma gida to, in ba a ba shi ba wataƙila nufin Allah ke nan, ya kuma roƙi nasa su yi haƙuri su gode wa Allah. Ikkilisiyoyi a ko'ina cikin ƙasar nan sun yi azumi da addu'a dominsa. A ranar 20 ga Janairu 2020 aka kashe shi. In wa'azin "ba rabona ba" gaskiya ne, to sai mu ce ko shi ko mu miliyoyin da muka yi addu'a wani ya gaza. Mu dai ba mu yarda da haka ba. Mun ga mutum yana bin sawun Ubangijinsa daga Getsamani, da roƙon da miƙa kan duka.

Wani zai ce, to mene ne laifi in an ƙarfafa mutane da alkawarin nasara? Laifin yana bayyana ranar da abin ya faru. Mun ga mace ta rasa miji a hanya, ko ta binne yaro saboda zazzaɓin cizon sauro, maimakon a zauna da ita sai a fara binciken ko akwai la'anar gida, ko ta daina ba da zakka, ko ba ta zuwa addu'ar dare. Ta shigo da kaya ɗaya ta fita da biyu. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune tare da shi ba su ce uffan ba, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna nema masa laifi, sai ga shi a sura ta 42 Allah ya husata da su. Mun ga kuma magidanci ya sayar da buhun shinkafar da ya kamata ya kai iyalinsa damina, ya aika wa wani mai wa'azi a birni da bai san ko sunan ƙauyensa ba. Mafi muni shi ne abin da ke samun matasanmu. Yaron da aka rena da cewa mai bi ba ya faɗuwa, ranar da ya nemi aiki aka hana shi, ko aka kashe wani nasa, sai ya ga kamar Allah ya cuce shi a ciniki. Daga nan wani ya daina zuwa sujada, wani ya lallaɓa wurin boka da dare ya karɓo laya, wani kuma zuciyarsa ta cika da ramuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu ne kuwa muka tsaga bangon tun a makarantar Lahadi.

Yanzu kuma bari mu juya wajen iyayenmu dattawa, da girmamawa, domin akwai wani kuskure a ɗaya gefen. Wasu in sun ji ana maganar gicciye sai su ce madalla, abin da muke faɗa ke nan, a yi shiru, a yi haƙuri, kome ya same mu ƙaddara ce. Baba, ba haka Ubangiji ya yi ba. Da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, amma ya tambaye shi dalilin marin (Yahaya 18:23). Bulus da Sila sun sha bulala a Filibi, sun raira waƙa a kurkuku da tsakar dare, amma da gari ya waye aka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce mahukuntan su zo da kansu, domin sun doki 'yan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba. Mu ma 'yan ƙasa ne. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci. In an hana mu takardar filin majami'a ko na maƙabarta, mu rubuta, mu koma, mu sake komawa, cikin ladabi ba tare da gajiya ba. Lokacin da aka kashe Debora Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ya yi kira a kwantar da hankali a bar hukuma ta yi aikinta. Mutum biyu aka gurfanar, kuma ba a kan laifin kisa ba. Faɗin cewa wannan bai isa adalci ba, ba rashin haƙuri ba ne. Abin da gicciye ya hana mu shi ne ɗaukar dutse mu ma. Manzo Bitrus, wanda ya taɓa zare takobi a Getsamani, shi ne daga baya ya rubuta cewa Almasihu bai rama zagi ba, ya miƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya (1 Bitrus 2:23). Mai miƙa ƙara ga alƙali bai ce ba a cuce shi ba.

Sai dai mu ɗan tsakura wata magana a nan. Ba kowace wahala ce gicciye ba. Ma'aikacin da aka kora saboda ba ya zuwa aiki, da ɗan kasuwar da aka ƙaurace wa saboda mudunsa ba ya cika, da saurayin da ya saki baki a Facebook yana zagin abin da maƙwabta suke girmamawa, kada su zo majami'a su ce ana tsananta musu saboda Almasihu. Bitrus ya riga ya raba wannan a sura ta 4 ta wasiƙarsa ta fari.

Wani abin da Mai Ceto mai shan wuya yake koya mana shi ne mu ga hawayen da ba namu ba. Wahalar jihar nan ba ta tambayar addini. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamun Kabi ba ta tsallake gonar kowa ba. Ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace ranar 17 ga Yuni 2021, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida, akwai namu akwai nasu. A Nuwamba 2024 Lakurawa sun kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25, kwana huɗu bayan haka kuma aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Uwar Maga da uwar Papiri kuka ɗaya suka yi. In muna lissafin namu matattun kaɗai, mun manta cewa wanda muke bi ya mutu ne domin duniya, ya kuma yi wa masu kashe shi addu'a. Don haka in an yi rasuwa a unguwa, mu je gaisuwa mu zauna a tabarma kamar kowa. In maƙwabci ya kwanta asibiti, Zumuntar Mata ta kai masa kunu. Kada mu yi haka da dabarar jawo shi, domin wannan ma wani cinikin ne.

Kada wani ya karanta wannan ya ce mun hana addu'ar warkarwa ko mun manta da tashin matattu. Muna addu'a domin marasa lafiya, muna kai su asibiti, mun kuma ga Allah ya tā da waɗanda likita ya fid da rai a kansu. Kabarin Yesu ba kowa a ciki, a kan wannan muke tsaye. Amma ku tuna da Toma. Da Ubangiji ya tashi, da tabon ƙusoshi da na māshi ya tashi, su ne kuma ya nuna wa almajirin da ke shakka. Bai ɓoye su ba, bai ji kunyarsu ba. Manzo Bulus ma, wanda ta hannunsa aka warkar da mutane da yawa, sau uku ya roƙa a cire masa wata ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin da aka ba shi ya isa (2 Korantiyawa 12). Da ƙayar ya ci gaba da aiki.

Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa su duba lokacin ba da shaida a sujadarmu. Kusan kullum wanda ya sayi babur, ko ya sami ƙarin girma, ko matarsa ta haihu lafiya shi ke fitowa, muna kuwa murna da su. Amma uwar da ta yi shekara goma tana jinyar yaro mai sikila ba ta daina zuwa sujada ba, da dattijon da danginsa suka yi watsi da shi tun yana saurayi yana nan daram, su ba a taɓa kiransu gaba ba, har sun ɗauka ba su da abin faɗa. A ba su wuri su yi magana, matasa su ji. Fastocinmu kuma su lura da baƙin masu wa'azi da ake gayyata taron farkawa, a san abin da mutum zai koyar kafin a miƙa masa bagade. Sujadar Jumma'a Mai Kyau, wadda a wurare da yawa mutum goma ba sa cika saboda kowa yana shirin ɗinkin Ista, a mai da ita babbar sujada, a karanta labarin shan wuyar Ubangiji gaba ɗaya da Hausa a hankali, ko da ba a yi dogon wa'azi ba. Asusun gwauraye da marayu kuma, wanda a ikkilisiyoyi da dama suna ne kawai a littafin ma'aji, muna ba da shawara a ware masa baikon Lahadi ɗaya a kowane wata, ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. Ikkilisiyar da ta riga ta fara haka, sakatarenta ya rubuto mana yadda suke yi, za mu buga a fitowa ta gaba domin sauran su gani.